Turken da Na Kafa wa Likita Ummaru

Shekara tara ke nan da muka ɗauki Likita Ummaru daga ƙofar gidansa a Talata Mafara muka kai shi makwanci. Ranar Laraba ce, washegarin kasuwa. Na tuna da muka fito da makara sai da aka janye wata tunkiya gefe kafin mu samu hanya. Mai ita ya zo tun da sassafe ya ɗaure ta a ƙofar gidan, bai san an yi rasuwa ba, ya yi tafiyarsa. Babu wanda ya ga abin mamaki a ciki, har da ni, don haka muka saba.

Ga wanda bai san shi ba, Ummaru likitan dabbobi ne, ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana aiki tsakanin Mafara, Bakura da Maradun. Ni kuwa sunana Shehu, malamin firamare mai ritaya, ɗan gidan mahauta, kuma tun ina koyarwa nake taɓa kiwon turka, wato in sayi ramammen sa in ɗaure in yi ta ciyarwa har ya yi ƙiba in kai kasuwa. Unguwarmu ɗaya da Ummaru, tare muka tashi, ni ne babban abokin ango a bikinsa. Duk shekara in wannan lokaci ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina. Bana ne kawai na ga dole in yi magana, saboda an aike ni wurin ɗiyarsa da wani saƙo, saƙon kuma ya mai da ni kan abin da na daɗe ina kauce wa.

Lokacin da ya gina gidansa kowa ya kawo gudummawa daidai ƙarfinsa. Ni ba ni da ƙarfin siminti, sai na nemo gungumen ƙirya na sa aka sassaƙe, na haƙa rami a gefen ƙofar zaure na kafa turke da hannuna. Na ce masa likitan dabbobi ba ya rasa baƙo mai ƙafa huɗu, gara a samu inda za a ɗaure shi kafin ya shiga gidan maƙwabta ya yi ɓarna. Ya yi dariya ya ce daga ɗan mahauta dama ba a sa ran kyautar da ta wuce wannan. Na zaɓi ƙirya ne don gara ba ta cin ta, ina alfahari cewa abin da na kafa zai daɗe. Ya kuwa daɗe.

Ba a yi shekara ba turken ya zama asibiti na biyu. Mutum zai taso daga Dakko ko Kaya da akuyarsa da ta daina cin abinci, ya tarar an tashi daga ofis ko likita ya fita, sai ya zarce gida ya ɗaure ta ya shiga kasuwa harkokinsa. Babu sallama, babu bayani, wani ko suna ba ya bari. Ummaru ya fito ya ga dabba, ya dubi igiyar da irin ƙullin, ya ce wannan ta wane ce. Ya san ƙullin Fulanin Janbako, ya san na dillalan kara inda ake cinikin shanu, ya san tsumman atamfa da matan aure masu kiwon cikin gida suke murɗawa su yi igiya. A garinmu kuwa dabbar da aka ɗaure a ƙofarka amana ce. In ta mutu a nan ba ka taɓa ta ba, babu mai kai ka gaban alƙali, amma za a daɗe ana faɗa.

Sai daga baya na gane ainihin amfanin turken gare mu masu dabbobi. Ba sai ka dubi idon likita ba. Da sallama za ka yi ya fito, za ka ga ko idonsa ya yi ja, ko hannunsa da miya bai gama cin abinci ba, kunya ta kama ka ka ce bari in dawo gobe. Turke ya ɗauke mana wannan kunyar gaba ɗaya. Ka ɗaure ka wuce, sauran tsakaninsa da dabbar ne.

Shi kuma ba a gina shi da cewa a'a ba. Ɗan malamai ne. Mahaifinsa ya tsufa yana ba da karatun littattafai a zaure, kuma a gidansu ba a san a ce wa mai neman ilimi je ka ka dawo ba. Da wannan tarbiyya Ummaru ya shiga aikin dabbobi. Sai dai malam yana zaune ne a kan buzu ɗalibi ya zo ya same shi, shi kuwa babur ne a ƙarƙashinsa, da hanyar Janbako wadda in damina ta yi nisa sai ka sauka ka tura. In haihuwa ta gagari saniya ya tuɓe riga ya zura hannu har kafaɗa, ba safar hannu ba komai. Ranar kasuwa tun da asuba yana mayanka yana duba hanta da huhu, dangina mahauta suna harararsa duk lokacin da ya ce wannan naman sai dai a binne. Ya dawo gida ya tarar da layi a turke. Takardar hutun shekara takan fito, ya ninke ta ya sa a aljihu, abin da ya canja kawai shi ne aikin ya tashi daga ofis ya koma ƙofar gida.

Mu kuma mun iya yabo. A wurin ɗaurin aure, a wurin suna, ko'ina sai ka ji ana cewa Likita ba ya gajiya, Likita mutumin mutane ne. Ni na fi kowa ɗaga murya, don ina jin rabin yabon nawa ne tunda abokina ake yabo.

A shekararsa ta ƙarshe jiri ya ɗebe shi a kara ya faɗi tsakanin shanu. Likitan mutane ya auna shi ya ce jininsa ya hau ƙwarai, ya ba shi magani, ya ce ya kwanta mako biyu, ko ofis kada ya leƙa. Ga mamakin kowa Ummaru ya yarda, ina jin faɗuwar ta tsorata shi. Na je dubiya ranar farko, na zauna a zaure na yi ta bambami, ina cewa mutanen garin nan ba su da tausayi, duk wanda ya kawo dabba cikin mako biyun nan ni da kaina zan kore shi. Matarsa, Hajiya Luba, ta jiyo daga ciki ta aiko mini da godiya. Kwana uku turken yana tsaye wayam. Ban taɓa ganinsa haka ba tun ranar da na kafa shi.

A rana ta huɗu na dawo daga sallar asuba na tarar san da nake turka ya tsinke igiya ya afka wa buhun wake, cikinsa ya kumbura kamar salka. Babbar Sallah saura mako uku, ni kuma wata biyar na yi ina ciyar da shi. Ɗan mahauta ne ni, na san abin da kumburi yake yi wa sa kafin rana ta take. Na kuma san abin da bakina ya faɗa a zaure. Ba zan iya yin sallama Hajiya Luba ta amsa ba, saboda haka na yi abin da kowa yake yi. Na ja shi a hankali ta bayan layi, na ɗaure a turken, na koma gida na zauna kamar ban san da zancen ba.

Da hantsi aka aiko in je in ɗauki kayana. Na tarar da Ummaru a kan benci, jallabiyarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, san yana tsaye cikin ya sace. Ya soke shi a kwiɓi da ƙarfen da suke fitar da iska. Shi ya fara magana.

"Shehu, ko cikin igiya dubu na san ƙullinka. Kai ɗai ka ƙulli irin na mahauta kana cewa kai malamin makaranta na."

Na ce masa wallahi ban so tada shi ba.

"Awo, na gani," ya ce. "Shi as sa ba ka yi sallama ba."

Ya yi dariya, ni ma na yi ta dole. Bai ƙara tada maganar ba har ya bar duniya.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne idon unguwa. An ga Likita a waje yana aiki, labari ya isa kara cewa ya miƙe. Kafin azahar akwai tumaki uku da maraƙi a ƙofar, waɗanda ba su samu wuri a turken ba suka ɗaure a jikin igiyar na gabansu. Hutun mako biyu ya ƙare a kwana uku. Bayan Sallah da wata guda da 'yan kwanaki ya dawo daga Maradun da la'asar ranar Talata, ya jingine babur, ya ce kansa yana sara, ya zauna a kan bencin nan, ɓarin jikinsa ya shanye. Washegari da safe ya cika.

Ban ce ni na kashe shi ba, kuma ba na son mai karatu ya faɗa a madadina. Kwanansa ne ya ƙare, likitan asibiti ma bai taɓa cewa mako biyun za su tsayar da komai ba. Abin da na sani kawai, sau ɗaya a rayuwarsa aka ba mutumin nan hutu ya karɓa, kuma ni na fara katse shi. San ya rayu, na sayar da shi da daraja. Ina jin kunyar wannan har yau.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga aikinsa a yanzu. Hanyoyin da yake bi shi kaɗai a kan babur yau sai an tambaya kafin a bi. Rugagen da yake zuwa rigakafi da yawa sun tashi saboda ɓarayin daji, dabbobin da suka rage sun taru a cikin gari a bayan gidaje, wato ƙofar likita ta ƙara kusa da kowa. Ga kuma waya, wadda ta fi turke rashin kunya. Kowa yana da lambar likita, yana cikin cin abinci a turo masa hoton kashin akuya a ce ya faɗi abin da ke damunta. Matasan da suka karanta aikin kuwa ba sa zama. Ka ga mutum ya zo da ɗoki, shekara biyu ya koma gonar kaji a Kaduna ko ya buɗe shagon magani a Gusau. Na san Ummaru, da farko zai ce raggaye ne. Ba waliyyi ba ne, yana jin daɗin ya fito ya ga layi yana jiransa, kuma mai wannan hali ba ya saurin fahimtar wanda ya gudu.

Ɗiyarsa ta biyu, Saratu, ita ta karanta aikinsa. Ta dawo Mafara shekara uku da suka wuce, tana aure a layin bayan gidansu. Mutane kuwa ba su canja hanya ba, a turken ubanta suke ɗaurewa. Hajiya Luba ta tsufa, ba ta iya jin dabba tana kuka a ƙofa ta yi shiru, sai ta ɗauki waya ta kira ɗiyarta. A haka Saratu ta gaji aikin da layin duka a rana ɗaya.

Bara ita da abokan aikinta huɗu, biyu a nan, ɗaya a Bakura ɗaya a Maradun, suka yi wa kansu tsari. Kowa yana da ranarsa a mako da zai rufe waya wani ya riƙe masa. Babu mai sa hannu a cikin saniya ba safa. Babu mai fita ƙauye shi kaɗai ko bayan la'asar. Duk ƙarshen wata sukan haɗu a gidan ɗayansu su ci abinci, kowa ya faɗi abin da ya ishe shi, su auna jinin juna kafin su watse. An ce akwai ɗaya a cikinsu da ya riga ya rubuta takardar barin aiki, zaman nan ya sa ya yaga ta. Ranar Saratu Alhamis ce.

Gari bai ji daɗi ba, amma ana ta haƙuri har wata Alhamis da Alhaji Mande, babban dillalin shanu, ya ɗaure ragonsa a turken. Saratu ta aika masa cewa ya kai shi ofis, akwai likita yana jira. Ya ce shi a ƙofar Ummaru ya ɗaure, bai san wani ofis ba. Ta ƙi fitowa, ya ƙi kwancewa, ragon ya yini a nan ya mutu da yamma. Daga ranar magana ɗaya ake yi a kara da mayanka, ba ta gaji ubanta ba. Ita kuma ta gaya wa uwarta cewa wata gonar kaji a Kaduna ta neme ta, mijinta ya amince, in abin ya ci gaba a haka bayan Sallah za ta tafi. In ta tafi kuwa ba mu da wata mace a aikin, matan cikin gida masu kiwo su koma aiken dabba da saƙon baka.

Dattawan kara suka taru suka ce ni ne uba gare ta yanzu, in je in tuna mata ɗiyar wa ce. Na karɓa ba tare da gardama ba, don ni ma a raina ina ganin bai kamata ragon ya mutu ba. Na aika mata ta same ni a zauren ubanta. Sai da na zauna na lura ranar Alhamis na zaɓa.

Muka gaisa yadda ya kamata, na tambayi mai gidanta da yara da aiki, sannan na isar da saƙo. Ta saurara kanta a sunkuye har na gama.

"Baba, ragon ga ya tsaya mini a rai, har yau ban son tuna shi," ta ce. "Amma in na kwance guda ranar, wata Alhamis ɗin guda goma za a ɗaure. Kakanmu da aka cewa bai taɓa korar kowa ba, Alhamis da Juma'a ba shi ba da karatu, kuma ba wanda ya ce marowaci na. Ni rana guda na ɗauka."

Gaskiya ne, kuma ni da na tashi a bakin zauren kakan nata ban taɓa haɗa su ba. Duk da haka na ce mata ubanta bai san wata Alhamis ba.

"Awo Baba. Shi as sa munka rufe shi da shekara hamsin da biyu. Ni ina son aikin ga, so nike in tsufa cikinai."

Daga nan na ce akwai abin da ba ta sani ba game da hutun ubanta na ƙarshe, na fara ba ta labarin san. Ban kai rabi ba ta ɗago kai.

"Inna ta gaya mini tun ina makaranta. Ita ma ta san ƙullinka, Baba. Cewa ta yi kada wanda ya tada maganar, ka ishi kanka."

Shekara tara Hajiya Luba tana aiko mini da tuwon Sallah, tana gaishe ni ta bayan labule da sunan aminin mai gida. Ni ina ganin na ɓoye abu, ashe su suke rufa mini asiri. Na tashi na tafi ba tare da na ce mata ta janye ko kada ta janye ba.

Ranar Asabar da safe na ari diga na je ƙofar gidan. Da gangan na bari gari ya waye sosai, don abin da na yi a ɓoye wancan karon ba na son in maimaita shi a ɓoye. Ƙirya ce, kuma na zurfafa ramin lokacin da nake da ƙarfi, sai da na kai hantsi ina haƙa ina hutawa. Masu wucewa suka tsaya kallo. Alhaji Mande ya zo da kansa.

"Malam, mun aike ka ka gyara, kai kuma ka zaka da diga?"

Na ce masa ni na kafa shi, ban nemi izinin kowa ba, cirewar ma ba na nema. Na cike ramin na daddaɓe, na ɗora turken a baro na tura gida. Kwana biyu bayana yana ciwo, kuma har yanzu akwai waɗanda in na yi musu sallama a kara sukan amsa a taƙaice.

Ban san ko Ummaru zai yafe mini wannan ba. Yana son turken, yakan zauna kusa da shi da yamma ko babu dabba. Amma na tuna ranar da Saratu ta samu gurbin karatu, kowa yana murna shi kuwa ya ce da ta zaɓi wani abin. Na ɗauka wasa yake. Yanzu ina ganin ya san abin da yake bar mata, bai dai san yadda ake cire shi ba.

Abin da ya rage na Ummaru ba shi da yawa in a ido ne. Babur an sayar, jakar kayan aikinsa tana wurin Saratu, akwai shanu a ƙasar nan da kakanninsu shi ya ciro su da hannunsa. Sai kuma ita kanta, wadda take dafa wuyan dabba kafin ta duba ta kamar yadda yake yi, kuma ta iya karanta ƙulli. Sallah ta zo ta wuce, ba ta tafi Kaduna ba. Ban tambaye ta ko ta fasa ne ko ta ɗage ba.

Makon jiya, ranar Litinin, na biyo ta layin na hangi Alhaji Mande a ƙofar gidan da akuya. Ya duba dama ya duba hagu, babu inda zai ɗaure. Ya tsaya da igiya a hannu ya yi sallama. Aka yi sa'a Saratu tana wurin uwarta, ta leƙo hannunta da miya. Suka gaisa, ya dube ta, sannan ya ce, "Likita, kina da hali yanzu, ko in kai ohis?" Ta ce ya jira ta gama cin abinci. Ya jira, a tsaye, da igiyarsa a hannu. Shekara ashirin da ɗoriya Ummaru ya yi a ƙofar nan, ban taɓa jin wani ya yi masa wannan tambayar ba, kuma ni ne amininsa.

Turken yana gidana yanzu, san da nake turka bana shi ke ɗaure a jikinsa. Allah ya jiƙan Ummaru, ya ba shi hutun da muka hana shi.